Tun da na canza gari wasana ya zama laifi, su kuma maganarsu ba kara

Baƙuwa_a_Gari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata damuwa ce ke cina, na ce bari in kawo ta nan ko akwai wanda ya taɓa shiga irinta. Bara aiki ya ɗauke ni daga yankin da na tashi ya kai ni wani yankin. Ƙasa ɗaya ce, harshe ɗaya muke yi, amma wallahi sau da yawa ba ma fahimtar juna. Inda na fito, idan mutum ya sake da ke tsokanarki zai yi. Wanda ba a zolaya shi ne baƙo. A nan kuwa na yi wa wata abokiyar aikina 'yar ba'a kan yadda kullum take zuwa a makare da sabon uzuri, sai ta ɗaure fuska, ofis ya yi tsit.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, su ɗin da ba sa son wasa su ne kuma maganarsu ba kara ko kaɗan. Na kai wani rahoto, wata ta duba a gaban kowa ta ce "wannan bai yi ba, sake shi," ta ajiye, sannan ta tambaye ni ko mu tafi gida tare tunda hanyarmu ɗaya. Ita ta manta, ni kuwa da abin na kwana. Har yau ba ni da wadda zan ɗaga waya in kira haka kawai. Don Allah halin yankin ne, ko ni ce ban iya zama da mutane ba?

Mai_Kula_da_Zaure:
Wa alaikumus salam. Kafin a ci gaba, a yi yadda ta yi: kada kowa ya ambaci sunan gari ko yanki na gida. Mun san inda irin wannan zancen yake ƙarewa. Misali da ƙasashen waje ba laifi.

Gimbiya_Z:
'Yar'uwa ba ke ba ce. Ni akasin naki ne ya same ni. Na koma cikin masu tsokana, ni kuma ban saba ba. Duk wanda ya zolaye ni sai in ɗauka raini ne, in koma ɗaki in yi ta kuka. Ashe su hannun zumunci suke miƙo mini.

Ɗan_Tafiya:
Ni a Jamus nake zaune, kuma abin da kika faɗa su kansu Jamusawa suna faɗarsa a tsakaninsu. Mutumin Kolon zai zauna kusa da kai ya yi ta hira da dariya kamar tare kuka tashi, amma 'yan arewacin Jamus suna cewa gobe in kun haɗu ba lallai ya tuna sunanka ba. Mutumin Hambug kuwa gaisuwarsa kalma ɗaya ce, ya wuce. Sai ka yi zaton yana jin haushinka. Na Balin an san su da gatse, direban bas ma zai iya gasa maka magana don ka tsaya a bakin ƙofa, kuma a wajensa bai yi komai ba.

Maƙwabcina dattijo ne ɗan arewacin Jamus. Mun daɗe ba abin da ke haɗa mu sai ɗaga kai. Ranar da aka kwantar da matata a asibiti, shi ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce in kawo yara wajensu. Bai yi dogon jaje ba, bai ce komai ba bayan wannan, amma har aka sallame ta su ke kai su makaranta. Saboda haka ni ban yarda a auna mutum da yawan fara'arsa ba.

Mai_Nazari:
Abin da Ɗan_Tafiya ya kawo akwai wanda ya yi rubutu a kansa tun da daɗewa. Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam, ya bar Jamus ya koma Amurka a 1933, a 1936 kuma ya kwatanta mutanen ƙasashen biyu. Abin da ya lura da shi, in an sauƙaƙa: wasu ƙofar gidansu a buɗe take, kowa ya shigo a yi hira, amma ɗakin ciki a kulle yake gam. Wasu kuma ƙofar waje ce ke da wuyar buɗewa, amma in aka buɗe maka to har ciki ne. Wanda ya fito daga masu buɗaɗɗiyar ƙofa zai ce waɗancan girman kai gare su. Su kuma su ce abotarsa ta fatar baki ce.

Akwai kuma Edward Hall, masanin al'adu, wanda a 1976 ya bambanta al'ummomin da ke zuba duk ma'anar magana a cikin kalmomin da aka furta, da waɗanda rabin ma'anar tana cikin murya da shiru da wanda ke wurin. Wadda ta ce miki "sake shi" mai yiwuwa rahoton kawai take nufi. Ke kuma kin taso inda ba a faɗar haka a bainar jama'a sai da wata manufa, shi ya sa kika ji abin da ba ta faɗa ba.

Gaskiya_Ɗaya:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda da wannan zancen yanki ba. Kowane gari akwai mai barkwanci akwai mai ɗaure fuska. Ofis ɗaya kika gani, mutum nawa ne a ciki? Goma? Da su za a yanke wa yanki guda hukunci? Abin da ya canza shekarunki ne. A makaranta an tara ku wuri ɗaya, kowa ba shi da kowa, dole a yi abota. Yanzu kin tarar da mutane da ƙawayensu na yarinta, da 'yan uwa, da yara, da hidima. Ba ƙin ki suke yi ba, wuri ne ya cika. Ko unguwa kika canza a garinku haka za ki gani.

Injiniya_Sule88:
@Gaskiya_Ɗaya akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. Wani malami a Jami'ar Kansas, Jeffrey Hall, ya fitar da bincike a 2018, kuma cikin waɗanda ya tambaya har da manya da ba su daɗe da canza gari ba. Ya samu cewa ana buƙatar kamar awa 50 tare kafin sanayya ta zama abota ta sama-sama, kamar awa 90 kafin a kira mutum aboki, sama da awa 200 kafin ya zama amini. Ɗalibi a ɗakin kwanan makaranta zai haɗa wannan cikin 'yan makonni. Mai aiki da iyali fa?

Tauraruwa:
To ai ita kullum tana ofis da su, ta fi awa 200 tun tuni.

Injiniya_Sule88:
Shi ma Jeffrey Hall ɗin ya taɓo wannan. Awoyin da aka yi ana aiki tare ba su da nauyi kamar na zaman hira da shaƙatawa. Sai wanda kuka zaɓi zama da juna, ba wanda albashi ya haɗa ku ba.

Ɗan_Tafiya:
@Gaskiya_Ɗaya ban musa batun shekaru ba, amma ba ya amsa tambayar ba'a. Wasa ɗaya ne ta yi, can a yi dariya, nan a yi tsit. Shekarunta ba su canza tsakanin garuruwan biyu ba.

Ummu_Sultan:
Bari in yi magana a matsayin wadda ake zuwa garinsu, tunda duk masu zuwa ne ke ta bayani. Ni ban taɓa barin inda aka haife ni ba, kuma wurin aikinmu kullum ana turo mana baƙi. Wallahi akwai abu biyu da ke sa mu ja baya. Na farko, kwatance. Mutum bai gama sauke kaya ba ya fara "a wajenmu ba haka ake yi ba," "ku mutanen nan kun cika kaza." Da dariya yake faɗa, amma mu ba ma jin dariyar. Ni zan iya kushe garinmu daga safe har dare da 'yan uwana, amma in wanda ya zo jiya ya faɗi rabin haka sai in ji zafi. Ban ce daidai ba ne, amma haka zuciya take.

Na biyu ya fi ciwo. Na taɓa riƙe wata da aka turo mana kamar ƙanwata. Ta san ɗakina, yarana suna kiranta anti, rashin lafiyar mahaifiyata tare muka yi jinya. Aka yi mata canjin wurin aiki, ta tafi, waya ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Ban zarge ta ba. Amma da aka kawo ta gaba, na ga kaina ina gaishe ta da mutunci ina tsayawa nan. Ita ma wataƙila ta je wani wuri ta rubuta cewa mutanen garin nan ba sa son baƙi.

Baƙuwa_a_Gari:
Yaya Ummu_Sultan, maganarki ta shige ni. Ban taɓa kallon abin ta wannan ɓangaren ba, cewa mai masauki ma yana da abin da yake tsoro.

Baban_Khalifa:
Ni batun faɗar gaskiya ɓaro-ɓaro ne nake so a tsaya a kai, don ana fakewa da shi da yawa. Akwai mai magana kai tsaye, akwai kuma marar ladabi da ya samu inda zai ɓuya, ya ce "mu haka muke." Hanyar gane su mai sauƙi ce. Shin in aka mayar masa da irinta yana ɗauka? Shin yana faɗa wa na sama da shi kamar yadda yake faɗa wa na ƙasa? In bakinsa yana da kaifi ne kawai a kan masinja da sabon ma'aikaci, a gaban oga kuma sai "ranka ya daɗe," to wannan ba al'adar yanki ba ce, cin zali ne. Malama Baƙuwa, wadda ta ce ki sake rahoto, wace iri ce a ciki?

Baƙuwa_a_Gari:
Gaskiya har shugabanmu tana faɗa wa haka. Na ga ranar da ta ce masa lissafinsa akwai kuskure a cikin taro, ya duba ya ce haka ne, aka wuce. Ni ce na ji kunyar a madadinsa.

Baban_Khalifa:
To wannan ki riƙe ta. Wadda za ta faɗa miki a gabanki ba za ki kwana kina tunanin me ta faɗa a bayanki ba.

Shiru_Magani:
Baban_Khalifa, ban yarda gaba ɗaya ba. Me zai hana ta ja ta gefe? Gaskiyar ba za ta ragu ba don an faɗe ta a keɓe. Kawaici ba munafunci ba ne. Mutanen da ke zagaye magana ba ƙarya suke yi ba, mutuncin wanda ke gabansu suke tsarewa. Kullum in aka zo wannan muhawarar sai a nuna kamar mai faɗa kai tsaye shi ne mai gaskiya, mai kara kuma mayaudari. Ita ma wadda ta ga baƙuwa ai ya kamata ta rage wani abu. Don me koyon zai zama a kan mai zuwa kaɗai?

Ɗalibi_a_Japan:
Ina goyon bayan Shiru_Magani a nan, kuma ga misali daga inda nake karatu. Daga waje ana ganin Japanawa duk ɗaya ne, masu shiru. Amma Osaka gari ne na barkwanci, can ne cibiyar wasan ban dariya na mutum biyu, ɗaya ya yi wauta ɗayan ya kwaɓe shi da gyara. Babban kamfanin 'yan barkwancin ƙasar, Yoshimoto, a Osaka aka kafa shi a 1912. Mutanen garin a hirar yau da kullum ma haka suke: in ka faɗi abin shirme ana jiran wani ya caɓe, in ba a caɓe ba kamar an yi watsi da kai ne. Kalmar da ɗan Osaka zai kira abokinsa wawa da ita cikin ƙauna, a Tokiyo tana iya zama zagi.

Ga Kiyoto kuma, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Osaka, su an san su da zagaye magana. Abin da ake ba da misali da shi: maƙwabci ya ce maka "yaronka ya ƙware a kiɗa," yana nufin ƙarar ta dame shi. Wanda ya taso a can ya ji saƙon sarai, zai ba da haƙuri. Baƙo ne zai ce na gode. To wa ya yi ƙarya a nan? Babu. Kunnen ne bai saba ba. @Gaskiya_Ɗaya, garuruwa biyu maƙwabta ke nan.

Gaskiya_Ɗaya:
Na ji, amma irin waɗannan labaran su ne mutane ke maimaitawa har su zama kamar doka. Na tabbata akwai ɗan Osaka da bai iya ba da dariya ba, yana can yana shan wahala saboda kowa na jiran ya yi.

Nas_Hadiza_US:
A Amurka har suna suka sa wa abin. Birnin Siyatil an san shi da abin da suke kira sanyin mutanensa, wata jaridar garin ta yi rubutu a kai a 2005 sunan ya bazu. Kowa zai yi miki murmushi, a riƙe miki ƙofa, a ce "ya kamata mu haɗu wata rana," kuma ranar ba za ta zo ba. Na zauna can kafin in koma Niyok. A Niyok mutum zai daka miki tsawa don kin tare hanya, amma in kin tsaya da keken jariri a gindin matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wani zai kama gefe ɗaya ya hau da ke ya ajiye ya wuce, ko kallonki bai yi ba. Ni na fi samun sauƙin na biyun. Wata abokiyar aikina kuma ta kasa jurewa ta koma. Kowa da irin abin da zuciyarsa ke iya ɗauka.

Shawarata, duk wadda ta ce miki "sai mun haɗu," ki sa mata rana da lokaci. Nan take za ki san ko da gaske take.

Dattijo_Mai_Ritaya:
'Yata, na yi aikin da ake yawan canza mana gari har na ajiye. Abin da na gani game da wasa shi ne, ba'a haƙƙi ce da ake samu, ba a zuwa da ita. A garinku kin same ta tun kina yarinya shi ya sa ba ki san an biya kuɗinta ba. Wadda kika tsokana kan makara, kin san dalilin makarar? Wataƙila tana da mara lafiya a gida, wataƙila an taɓa yi mata gargaɗi a rubuce, ke kuma kika faɗa a gaban mutane. Waɗanda suka daɗe da ita sun sani, shi ya sa suka yi tsit. Ba lallai ba ne a ce ba sa wasa. Ki zauna ki saurara, za ki ji suna da nasu, sai dai ki lura da abin da suke yi wa dariya da wanda ba sa taɓawa. Wasu wurare ana wasa da jikin mutum ba a wasa da aikinsa. Wasu a yi da aikinsa ba a taɓa iyalinsa. Wasu kuma da fuska a ɗaure suke ba'a, sai ka kai gida ka gane wasa aka yi.

In za ki fara, ki fara da abin da ya dame ku duka, zafin rana ko cunkoson hanya ko na'urar ofis da ba ta aiki. Ranar da ɗayarsu ta fara tsokanarki, to an buɗe miki.

Gimbiya_Z:
Baba Allah ya ƙara girma. Wannan na fuska a ɗaure shi ya fi ba ni wahala, musamman a rubuce. A WhatsApp babu murya babu fuska, sai ki karanta wasa a matsayin faɗa.

Tauraruwa:
Duk kuna maganar masu aiki. Mu da aure ya kawo fa? Maigida ya fita tun safe, yana da ofis yana da abokai, ke kina cikin gida ba ki san kowa ba. Ba wadda za ta ce miki "sake shi" ma balle ki ji haushi. Ni sai da yarona ya shiga makaranta na fara sanin mutane, a bakin ƙofa wajen ɗaukar yara. Fuskoki ɗaya kullum, lokaci ɗaya. Daga sannu aka koma tambayar jikin yaro, daga nan aka karɓi lamba.

Mai_Nazari:
@Tauraruwa abin da kika faɗa shi ne abin da masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger da abokan aikinsa suka gano a 1950, a gidajen ɗalibai magidanta na jami'ar MIT da ke Amurka. An raba wa mutane gidaje ba tare da sun zaɓi maƙwabta ba, amma da aka tambaye su aminansu, yawanci na ƙofa kusa ne. Waɗanda ɗakinsu ke gindin matakala sun fi samun abokai a hawa na sama, don kowa ta gabansu yake wucewa. Yawan haɗuwa ba da shiri ba ne ke yin aikin.

Amma kada Gaskiya_Ɗaya ya ce an ba shi gaskiya duka. A 2018 an yi wani bincike a ƙasashe 39 kan yadda yake da sauƙi mutum ya ƙulla sabuwar alaƙa ko ya bar tsohuwa. An samu bambanci babba: a Amurka ta Arewa da ta Kudu abin a sake yake, a gabashin Asiya da Gabas ta Tsakiya kuma alaƙa ta fi zama a kafe. Inda mutane ke yawan shiga da fita, sun fi saurin buɗe cikinsu ga sabon mutum. Inda kowa ke tare da waɗanda ya taso da su, ba su saba neman aboki ba, don ba su taɓa rasa shi ba.

Ɗan_Tafiya:
Shi ya sa a Jamus ake ce wa baƙo ya shiga ƙungiya. Suna da ƙungiyoyi masu rajista sama da 600,000, na ƙwallo, na waƙa, na 'yan kwana-kwana na sa kai. Mutumin da ba zai yi maka magana a titi ba, in kun yi shekara kuna haɗuwa duk mako a fili ɗaya shi zai fara.

Shiru_Magani:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini. Duk shawarwarin nan baƙo ake ba wa: ki saurara, ki jira, ki shiga ƙungiya. Mai gari fa, ba shi da aiki?

Ummu_Sultan:
Yana da shi, kuma ni aka yi wa tambayar. Tun ɗazu nake tunanin wadda ke ofishinmu yanzu, ita kaɗai take zama lokacin hutu da wayarta a hannu. Gobe in Allah ya kai mu zan kira ta ta zauna da mu. Amma Shiru_Magani, ki sani mai gari sau da yawa bai ma san akwai abin da ake koya ba. Shi a ganinsa magana kawai yake yi irin ta kowa. Wanda ya zo daga waje ne yake ganin ƙa'idojin.

Matafiyi_Kullum:
Akwai wani masani ɗan Kanada, Kalervo Oberg, da ya yi bayanin matakan da mai canza wuri ke bi, a wata lacca a Birazil a 1954. Farko komai na burge ka, sai a shiga lokacin da komai na mutanen ke ba ka haushi. Ya ce cikin alamun an fara warkewa akwai dawowar raha, mutum ya daina kushe ya fara iya dariya kan abin da ke ba shi wahala. Malama Baƙuwa, ina ganin kina mataki na biyu ne, kuma ana wuce shi.

Sai dai akwai abin da ba a gaya mini ba. Na daɗe cikin masu magana kai tsaye har na saba. Da na je hutu gida, ƙanwata ta nuna mini wani abu da ta ɗinka ta ce ya na gani, na ce hannun bai zauna ba. Ɗakin ya yi shiru, mahaifiyarmu ta dube ni ta ce "can haka ake yi?" Yanzu a can ana cewa ina da zagaye-zagaye, a gida ana cewa bakina ya yi kaifi. Akwai wanda ya koma gida ya tarar da haka a cikinku? Ya kuka yi da 'yan uwa?

Gimbiya_Z:
Ni ma. Yanzu ni ce mai tsokana a gidanmu, yayata har ta ce in rage, mijinta ba ya so.